Kwana uku a Teberda

Da hantsi muka bar birnin Cherkessk, a yankin Kaukasus na kudancin Rasha, a ƙaramar bas ɗin haya, wadda Rashawa ke kira marshrutka. Muka bi gaɓar kogin Kuban har Karachayevsk, inda kogin Teberda ke haɗuwa da shi, daga nan hanya ta kama hawa. Kafin mu isa sai da kunnuwana suka toshe.

Teberda ɗan gari ne a cikin kwari, duwatsu sun sa shi a tsakiya, tsayinsa daga teku ya kusa mita 1,300. A 1868 Karachai, wata ƙabila ta waɗannan duwatsu, suka kafa shi. Iska ce arzikinsu: tun zamanin Tarayyar Sobiyet ake kawo masu tarin fuka su yi jinya a nan, dajin da ke kewaye kuma gwamnati ta killace shi tun 1936.

Gidan wata dattijuwa na sauka. Na yi sallama, ta amsa cikakkiya, ta dube ni sama da ƙasa, ta shige madafi. Can sai ga hicin, gurasa mai cuku da dankali a ciki, man shanu na naso a kai, da kofin ayran. Wallahi kurɓar farko sai da na tuna kindirmon gida, fura kawai ya rasa.

Cikin hira na ce, "Iya, a gidan nan aka haife ki?" Ta girgiza kai: a Kirgistan. Ranar 2 ga Nuwamba 1943 gwamnatin Stalin ta kwashe Karachai kakaf, kusan mutum 70,000, aka loda su a taragun dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan, wai sun haɗa baki da Jamusawa. Alhali mazansu da yawa suna bakin daga cikin rundunar Sobiyet. Wannan yanki aka miƙa wa Jojiya, garin da muka ratsa ɗazu aka sa masa suna Kluhori. Sai 1957 aka bar su suka dawo. Ta ce ranar da ta fara ganin waɗannan duwatsun ta riga ta iya tatsar saniya. Ban ƙara tambaya ba, ita ma ta miƙe ta ƙaro mini shayi.

Washegari na nufi Dombai, wani ƙaramin gari can gaba cikin duwatsu, kilomita ashirin da ɗoriya. A bakin ƙofa ta tsayar da ni, ta kalli takalmina, ta yi tsaki. Ta ɗauko safar ulu da ta saƙa da hannunta, ta ƙi karɓar ko sisi, sai da na zauna na saka a gabanta ta bar ni na fita.