Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hantsin Goggo

Makon jiya mun tsaya a shekarun makarantar jinya, amma maganar Goggo ta hana ni wucewa. Duk matar da ta gani ta yi jugum a gidanmu, cewa take: "Fito ki sha hantsi, ɗaki ba ya warkar da zuciya." 'Yan ɗakin Baffa suna ta dariya, wai tsufa ne.

To, ba tsufa ba ne. Akwai sinadarin da ake kira serotonin, yana da hannu a natsuwa, barci da son abinci. Ƙwaƙwalwa ta fi haɗa shi a ranar da ido ya ga haske sosai, da dare kuma daga gare shi ake samun melatonin mai kawo barci. Minti 20 zuwa 30 a tsakar gida da safe ya wadatar. Hasken ƙwan lantarki bai kai ko kusa ba.

Daga tiriftofan, ɗaya daga cikin sinadaran furotin, jiki ke haɗa serotonin, shi kuwa tiriftofan sai a abinci: gyaɗa, riɗi, wake, waken suya, ƙwai, nono, kifi. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin a hanji yake, kuma na hanji ba ya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, dole ta yi nata. Masu cika ciki da tsire zalla sun yi kuskure, domin a ƙofa ɗaya ta shiga ƙwaƙwalwa tiriftofan ke rububi da sauran sinadaran furotin, kuma sun fi shi yawa. In aka haɗa da hatsi, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, ya janye su zuwa tsoka, sai tiriftofan ya samu hanya. Shinkafa da wake, kunun gyaɗa, fura da nono, duk sun dace. Tuwon masara safe da dare babu haɗi shi ne matsala: masara ba ta da tiriftofan sosai, ɗan da aka samu ma jiki na karkatar da wani sashe don yin bitamin B3.

Goggo ta rasu kafin jegon Yaya. 'Yan gida suka saki labule, suka rufe Yaya a ɗaki kwana arba'in, tana kuka suna cewa iska ce. Da Goggo na raye da ta ce a fito da ita ta sha hantsi. Har gobe abin na ci mini rai.

Bayan hantsi da abinci, sai motsa jiki: tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. A ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya.

Ita ma Goggo ba ta ce hantsi kaɗai magani ne ba. Baƙin cikin da ya kai mako 2, ga rashin barci, ga tunanin mutuwa, na likita ne, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa, ko na Kware. Kada wanda aka ɗora wa fluoxetine, maganin ciwon baƙin ciki, ya kuskura ya haɗa da tiramol: serotonin na iya yin yawa, jiki ya ɗau zafi da karkarwa, gumi na zuba, har a kai ga farfaɗiya.