Yadda ake auna sabon ɗan wasan da NFL ta ɗauko daga jami'a

Duk ƙarshen watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na gasar NFL kan yi kwana uku, daga Alhamis zuwa Asabar, suna zaɓar matasan 'yan ƙwallon ƙafa irin na Amurka da suka fito daga jami'o'i. Zagaye bakwai ake yi, a ɗauki mutum sama da 250. Kafin gari ya waye ranar Lahadi masu sharhi sun gama rabon maki: wannan ƙungiya ta dace, waccan ta tafka asara. Wannan makin bai kai a dogara da shi ba, domin ko ɗaya daga cikin yaran bai taka filin ƙwararru ba tukuna. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaya: wane aiki sabuwar ƙungiyar za ta ɗora masa, kuma ya taɓa nuna ya iya wannan aikin?

Mutane da yawa kan fara da alƙaluman Combine, gwajin da ake yi a Indiyanapolis wajen ƙarshen Fabrairu. A can ake gudun yadi 40, da ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225 iya adadin da mutum zai iya, da tsallen sama, da tsallen gaba, da zagaya mazugi uku. Alƙaluman suna da amfani idan an san inda za a ajiye kowanne. Ga ƙaton da ke tsaye a layin gaba, gudun yadi 40 kusan ba ya faɗin komai, don da wuya wasa ya kai shi wannan nisa. Yadi 10 na farko su ne abin dubawa, saboda su ke nuna yadda yake zabura daga tsuguno. Ga mai farautar kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, daga gefe, zagaya mazugi uku ya fi, domin yana nuna ko zai iya lanƙwasa jiki ya kewaye mai tare shi ba tare da ya rage gudu ba. Mai tarewa a ƙarshen layi kuwa tsawon hannunsa ake fara aunawa. Yawancin ƙungiyoyi na son inci 33 zuwa sama, idan ya gaza haka sai su mayar da shi cikin layi, inda gajeren hannu bai cika cutarwa ba.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A 2017 John Ross ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22, Cincinnati Bengals ta ɗauke shi na tara, ya ƙare shekararsa ta farko bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba, rauni kuma ya yi ta bin sa. Shekara guda bayan haka Orlando Brown na jami'ar Oklahoma ya yi gudun cikin 5.85, ya ɗaga ƙarfen sau 14 kacal, darajarsa ta faɗi har zagaye na uku. Baltimore Ravens ta yarda da abin da ta gani a bidiyon wasanninsa, ya kuma zama ɗaya daga cikin fitattun masu tarewa a gasar.

Don haka bidiyo ne tushen aikin, kuma kallonsa yana da ƙa'ida. Kada a tsaya kan gutsattsarin bajinta da ake haɗawa a intanet, a nemi cikakken wasa, wanda aka ɗauko daga sama ana ganin duk 'yan wasa 22. A zaɓi wasanninsa da ƙungiyoyi masu ƙarfi, a haɗa da wasan da ya fi lalacewa a ciki, domin a nan ake ganin abin da yake yi idan dabararsa ta farko ta ƙi ci.

Sai a riƙa tuna cewa fili da dokokin jami'a sun bambanta da na NFL. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu tazararsu ƙafa 40 ce a jami'a, a NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6. Idan aka ajiye ƙwallo a layi ɗaya a jami'a, ɗaya ɓangaren filin kan zama fetal, mai cafe ƙwallo ya sami sarari ba da wayonsa ba. A NFL wannan sararin babu shi. Haka kuma a jami'a ƙafa ɗaya cikin fili ta isa a ce an cafe, a NFL sai biyu. Mai tsaron baya da ya saba riƙe abokin hamayya da hannu har nesa zai sha hukunci, domin a NFL bayan yadi 5 ba a yarda ya taɓa shi ba, kuma idan ya hana shi cafewa ta haramtacciyar hanya, a daidai wurin laifin za a ajiye ƙwallo, ba yadi 15 kawai ba irin na jami'a.

Kwatabak, wato mai jifa kuma jagoran hari, shi ya fi wuyar aunawa. Yawan yadin da ya jefa ba hujja ba ce, tunda wasu jami'o'in na tsara wasa ta yadda mutumin farko da zai duba kusan kullum a buɗe yake. A kalli idonsa: idan na farko a rufe yake, yana komawa kan na biyu da na uku, ko kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ruga? Yana sakin ƙwallo kafin mai cafewa ya juyo, ko sai ya gan shi a fili tukuna? A NFL wanda ya jira ya gani ya makara. A kalli ƙafafunsa lokacin da ƙatti suka matso: wani kan matsa gaba taki ɗaya ya jefa, wani kuma ya yi ta ja da baya har a kayar da shi. Ƙarfin hannu shi ya fi ruɗin mutane. JaMarcus Russell yana da shi sosai, Oakland Raiders ta ɗauke shi na ɗaya a 2007, ta sallame shi a 2010. Tom Brady kuwa, ɗaya daga cikin fitattun kwatabak a tarihin gasar, na 199 ne a 2000, Brock Purdy kuma na 262 a 2022, wato na ƙarshe ɗungum, ya kuma kai San Francisco 49ers wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a kakarsa ta biyu.

Kuɗi ma na cikin lissafi. Sam Bradford, wanda aka ɗauka na ɗaya, ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida a 2010. Da aka kawo tsarin ƙayyade albashin sababbi a 2011, Cam Newton, wanda shi ma na ɗaya ne, ya sami kusan miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga nan ɗan zagaye na huɗu da ya zama ɗan wasan farko, wato cikin waɗanda ake fara wasa da su, a kan ƙaramin albashi ya zama babbar riba, domin rarar kuɗin za ta tafi wajen riƙe manyan taurari.

Bayan zaɓe, sansanin horo na ƙarshen Yuli ne ke fara bayyana gaskiya. Ana shiga da mutum 90, a rage su zuwa 53 kafin kaka ta fara, wasu 16 su zauna a rukunin atisaye. A wasannin share fage, a lura da wa yaron ya kara: bajinta a kashi na huɗu, wato na ƙarshen wasa, a kan waɗanda za a sallama gobe ba ta kai minti kaɗan a gaban 'yan wasan farko ba. Wanda aka ɗauka a zagaye na shida ko na bakwai, yawanci rukunin bugun ƙwallo da ƙafa ne ke ceton sa. Idan ba ya iya gudu ya kayar da mai dawo da ƙwallo, gurbinsa na cikin haɗari. A kuma sa ran sanyin jiki wajen Disamba, saboda wanda ya saba da wasa 12 a kakar jami'a yanzu 17 ke gabansa.

Hukunci na gaskiya sai bayan kaka ta uku. A lokacin ne ƙungiya ke yanke shawara ko za ta ƙara wa ɗan zagayen farko shekara ta biyar da kwantiraginsa ya ba ta dama, kuma a lokacin ne ake iya fara tattauna sabon kwantiragi da duk wanda aka zaɓa.