Koren funfuna da laifin da aka ɗora mini

Na bar wurin da na koyi noman laimar kwaɗi nau'in oyista ne saboda koren funfuna, kuma har yau ban yarda cewa laifina ba ne. Wanda ya taɓa wannan noma ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ɗaga leda aka ga kore ya ɓullo a tsakiyar farin zare, wato zaren laimar da ke yaɗuwa cikin karan da aka cika ledar da shi.

Ubangidana a bayan gidansa yake noman, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba, shi ya koya mini yanka kara da cika leda. Matsalarsa ɗaya ce, yana ganin itacen da ake ƙonawa wajen turara kara asara ne. Ƙa'idar kuwa sananniya ce: zafin ya kai digiri 60 zuwa 80, ya zauna a haka awa ɗaya zuwa biyu, kuma ana fara lissafi ne daga lokacin da tsakiyar karan ya ɗau zafi. Shi daga kunna wuta yake fara nasa lissafin. Na ce masa, “Oga, tsakiyar durom ɗin nan bai yi zafi ba, a sayi ma'aunin zafi.” Ya ce hannunsa ya ishe shi awo, tun kafin in san menene leda yake wannan aiki. Bayan haka ya rage iri. Inda ake zuba kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiƙaƙƙen kara, ya ce a yayyafa kawai, irin ma ya daɗe a ajiye har ya fara tsami.

Turara kara ba ya kashe komai da komai. Yana karya lagon funfuna ne na ɗan lokaci, domin farin zare ya riga shi mamaye ledar cikin mako biyu zuwa uku. Idan an rage zafi, an kuma rage iri, an ba funfuna dama sau biyu. Wannan koren, wanda masana ke kira Trichoderma, da fari yake farawa, har mutum ya ɗauka zaren kirki ne. Sai ya fara fitar da ƙurar irinsa yake komawa kore, a lokacin kuma ya riga ya soma cin zaren laimar kanta. Wato ranar da aka ga kore ba ita ce ranar da aka yi ɓarna ba, an yi ta tun a bakin wuta. Amma wanda ya cika leda shi ne na ƙarshe da ya taɓa ta, shi ake gani.

Da ledojin suka lalace, a gaban sauran yara ya ce hannuna ba shi da tsabta, ya kuma yanke mini kuɗin wata. Na nuna masa cewa koren daga tsakiya ya taso, kuma kusan kowace leda ta kamu, har da waɗanda ya cika da hannunsa. Bai saurare ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya sa na buɗe ledojin a cikin ɗakin in yanke wurin da ya yi kore, wai a ceci sauran. Ƙurar ta bazu ko'ina, zubin da ya biyo baya ma bai tsira ba. Leda mai kore a rufe ake fitar da ita, a kai ta nesa.

Yanzu a gida nake yi, da bokitai masu huda da ma'aunin zafi da littafin da nake rubuta awa da digiri. Laimar oyista ba mai wuyar sha'ani ba ce, a Jamus aka fara nomanta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya domin mutane su sami abin ci, kuma tana fitowa a kan kara da garin katako da ragowar auduga. Ha'inci ne kawai ba ta ɗauka.

Sauran abubuwan da sauƙi na koye su. A matse kara a tafin hannu, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, in ya zarce haka ruwa ya yi yawa. Doguwar ƙafa da ƙaramin kai a jikin laimar alama ce ta ɗaki ba ya samun iska. Idan ta fara tsiro tana son danshi kashi 85 zuwa 95 da haske kaɗan, ba rana kai tsaye ba. A wuri mai zafi a nemi nau'in ruwan hoda, ya fi jure wa zafi. A cire ta kafin bakin laimar ya miƙe, domin daga nan take zubar da farar ƙura mai cutar da huhu, saboda haka kada a yi noman a ɗakin kwana.

Wanda yake koyo a ƙarƙashin wani, ya riƙa rubuta zafi da lokaci da ranar da aka kawo iri, ko da ba a sa shi ba. Na ji tsohon ubangidan nawa ya sayi ma'aunin zafi bayan tafiyata. Bai kira ni ba, kuɗin da ya yanke mini ma yana wurinsa.