Yini Guda da Tarihin Alfonso, Jikan Sarkin Sifaniya

Laraba, birnin Madrid.

Da hantsi na shiga gidan ibadar Descalzas Reales da ke tsakiyar gari, wanda Juana, ƙanwar Sarki Felipe na Biyu, ta kafa a 1559, kuma har yau akwai mata masu zaman ibada a cikinsa. Sauran baƙi sun dukufa kan zane-zanen bango, ni kuwa hankalina yana kan wani da aka binne a nan, wato Alfonso de Borbón y Dampierre, mai sarautar Duque na Cádiz.

Bayan la'asar na zauna ina bin tarihinsa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an yanke masa makoma tun ba a haife shi ba. Mahaifinsa Jaime, ɗan Sarki Alfonso na Goma Sha Uku, ya kurmance tun yana ƙaramin yaro, sai a 1933, lokacin da iyalin ke zaman gudun hijira a Faransa, aka sa shi ya sanya hannu cewa ya haƙura da gadon sarauta, shi da zuriyarsa. Gadon ya koma hannun ƙanensa Juan, mahaifin Juan Carlos, wanda daga baya ya zama Sarkin Sifaniya. Shi kuwa Alfonso a birnin Roma aka haife shi a 1936, jikan sarki ta wajen ɗa na biyu, wanda ya girmi Juan, amma ba shi a layin magada. A ganina an zalunci Jaime, domin kurumta ba ta hana mutum hankali ko adalci.

Janar Franco, mai mulkin Sifaniya a lokacin, ya ayyana Juan Carlos a matsayin magajinsa a 1969, aka tura Alfonso jakada ƙasar Suwidin. Da ya auri Carmen Martínez-Bordiú, jikar Franco, a fadar El Pardo a watan Maris na 1972, raɗe-raɗi suka cika gari cewa tsohon zai sauya shawara ya ɗora jikarsa a kan karaga, amma hakan bai faru ba, sai sarautar Cádiz aka ba ango. Duk wanda ya san halin ɗan sarkin da masu zaɓe suka tsallake, ya san irin zaman da ya yi, ana girmama shi ana kuma sa masa ido.

Daga nan sai jarrabawa ta riƙa bin jarrabawa. Auren ya mutu. A watan Fabrairun 1984 motar da yake tuƙawa ta yi karo da babbar mota a yankin Navarra, babban ɗansa Francisco mai shekara 11 ya rasu, shi da ƙaramin, Luis Alfonso, suka ji munanan raunuka. Ranar 30 ga Janairun 1989, yana zamiya a kan ƙanƙara a Beaver Creek ta jihar Colorado a Amurka, ya ci karo da igiyar ƙarfen da ake ɗaura tutar gasa, ya rasu yana da shekara 52. Yaron nan Luis Alfonso ne ya fi ba ni tausayi, wanda ya rasa wa da uba kafin ya cika shekara 15, kuma shi ne yanzu wasu Faransawa masu ra'ayin sarauta suke kira Louis na Ashirin, don suna ganin shi ne magajin karagar Faransa.

Gobe, in Allah ya kai mu, zan nufi El Pardo in ga fadar da aka ɗaura auren.