Kujerar Hagu a Ikeja ko Kujerar Dama a Ƙasar Waje

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya zo gidana a Agege bai ko cire farar rigar aikinsa ba, da igiya uku a kowace kafaɗa, alamar mataimakin matuƙin jirgin sama. Bayan mun gaisa ya ciro takardu biyu ya ajiye a kan darduma. Ta farko daga kamfanin da yake yi wa aiki ce a nan Ikeja, tana sanar da shi cewa sunansa ya shiga cikin waɗanda za a horar su zama kyaftin. Ta biyu kuwa gayyata ce daga wani babban kamfanin jiragen sama na yankin Gulf, suna neman ya je su gwada shi a matsayin mataimakin matuƙi. Ya ce, "Kawu, in kai ne, wacce za ka ɗauka?"

Ni ba matuƙi ba ne. Aikina na shekara ashirin da shida a filin jirgin sama na Murtala Muhammed shi ne shirya wa matuƙa takardun tafiya: hanyar da za a bi, yawan man da za a sha, yanayin sama, da filin da za a karkata idan sauka ta gagara. Amma wanda ya daɗe a wannan teburi ya ga matuƙa da yawa sun zo sun tafi, ya kuma ji labarin yadda tafiyar ta kasance musu, domin ko sun yi nisa sukan bugo waya.

Kafin yaro ya kai ga samun irin waɗannan takardu, ya riga ya sha wuya. Lasisin tuƙi na kasuwanci, wanda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, take bayarwa, ana samun sa ne da awa kusan 200 a sama, ko a Kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, ko a Ilori, ko a makarantun Afirka ta Kudu da Amurka. Wannan lasisi shi kaɗai ba ya zaunar da kowa a ɗakin tuƙin jirgin fasinja. Sai an ƙara da shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da za a tuƙa, domin wanda ya ƙware a Boeing 737 ba shi da izinin taɓa Embraer ko Airbus sai ya koma aji, kuma kuɗin wannan horo da dala ake biyan sa. Ɗan yayata ya yi shekara biyu yana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis kafin a ɗauke shi, kuma ko'ina amsar ɗaya ce: a je a samo awanni tukuna, alhali awannin ba sa samuwa sai an ɗauki mutum aiki. Babban lasisi kuwa, wanda sai da shi ake zama kyaftin na jirgin fasinja, yana buƙatar awa 1,500.

Babban kamfani idan zai ɗauki matuƙi, abin da yake fara dubawa shi ne littafin da matuƙin yake rubuta awanninsa, kuma awanni ba darajarsu ɗaya ba. Ana tambayar nawa ne a jirgi mai injin jet, nawa ne a jirgi mai farfela, nawa ne a jirgin da nauyinsa ya kai wani mizani, sannan yaushe ne tashin ƙarshe. Sama da duka akwai layin da ake rubuta awannin da mutum ya yi yana shugaban jirgi, yana zaune a kujerar hagu da igiya huɗu, shi ne mai sa hannu, shi ne kuma za a tuhuma idan wani abu ya faru. Bayan tantance takardu sai jarrabawa, sai ganawa, sai gwajin lafiya mai tsanani, sai shaidar cewa Turancin mutum ya kai mataki na huɗu a ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Daga nan a shigar da shi na'urar kwaikwayon tuƙi tare da wani baƙon da bai taɓa gani ba, a kashe musu inji ɗaya yayin da jirgi yake barin ƙasa, masu gwaji suna zaune a baya suna rubutu. Waɗanda suka je suka dawo sun gaya mini cewa iya riƙe jirgi ba shi ne ya fi kayar da mutane ba. Abin da ya fi kayar da su shi ne yadda suke magana da abokin zamansu. Tun bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977, inda mutum 583 suka mutu, kamfanoni suka ɗauki wannan batu da zafi. Mu da aka rene mu da kunyar na gaba, sai mun yi da gaske kafin ƙarami ya iya cewa babba, "Kyaftin, ba ka daidai, mu sake tashi." Wanda ya yi shiru saboda ladabi a wannan ɗaki ya faɗi.

To amma a ce an ci gwajin. A nan ne maganar da na fi so ɗan yayata ya gane take: a yawancin manyan kamfanoni ranar da ka shigo ita ce matsayinka. Kowane matuƙi yana da lamba a jeri, kuma da ita ake raba kusan komai, daga lokacin hutu zuwa jadawalin aiki zuwa ranar da za a kira mutum horon kyaftin. Shekarun da aka yi a wani kamfani ba sa biyo mutum cikin wannan jeri. Na san wani kyaftin da ya yi shekara tara a kujerar hagu a nan Legas, ya tafi ya koma kujerar dama ta mataimaki a ƙarƙashin wanda yake ƙasa da shi da shekara goma a haihuwa, ya kuma yi ƙaramar salla da babbar salla uku a jere a otel, domin sabon shiga ba shi da bakin zaɓen rana. Bai yi nadama ba, amma ya ce da ya san tsawon jiran da ya shirya wa zuciyarsa.

A Amurka an ɗauki wannan hanya tamkar tsani. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, an ɗaga ƙa'ida ta yadda tun daga 2013 ko mataimakin matuƙi sai ya mallaki babban lasisi, don haka matasa sukan tara awanni suna koyarwa, su shiga ƙananan kamfanonin yanki, sannan su nemi manyan kamfanoni irin su Delta ko United ko American, inda za su zauna har su kai shekara 65 su yi ritaya. A wurinsu lissafin a fili yake: duk shekarar da ka makara wajen shiga, shekara ce da ka rage daga ƙarshen aikinka, lokacin da albashi ya fi tsoka. Mu kuwa tsaninmu ba ya tsaye a cikin gida ɗaya. Kamfanin ƙasa, Nigeria Airways, ya daina tashi tun 2003. Arik, wanda a wani lokaci ya fi kowa jirage, hukumar AMCON mai karɓo basussukan bankuna ta karɓe shi a Fabrairun 2017. Air Peace ya girma har ya fara zuwa Landan daga Legas a Maris na 2024, kuma hakan ya buɗe wa wasu ƙofar manyan jirage ba tare da sun bar gida ba, sai dai kujerun ba su da yawa. Ga yawancin matuƙanmu, "babban kamfani" yana nufin barin ƙasa, da sauya lasisi zuwa na hukumar wata ƙasa.

Ban ɓoye masa dalilan tafiya ba, domin suna da ƙarfi. Tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, albashin da ake biya da kuɗin waje ya yi wa namu nisa. Ni kaina na taɓa yin aiki a wani kamfani inda muka yi wata biyar ba a biya mu ba, ina ganin kyaftin da igiya huɗu yana rancen kuɗin makarantar yara, yana kuma hawa jirgi da asuba kamar babu abin da yake damun sa. Sannan akwai lokutan da kamfani yakan yo hayar jirgi daga waje haɗe da matuƙansa, musamman a watan Disamba, namu suna zaune a gida awanninsu ba sa ƙaruwa. Wanda ya ga haka ba za a zarge shi da kwaɗayi ba idan ya ɗaga kai ya dubi waje.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, manyan kamfanonin Gulf sun sallami matuƙa masu yawa, kuma a can izinin zama yana ɗaure da aiki, don haka wanda aka sallama ya kwashe iyali ne a cire yara daga makaranta. Waɗanda suka dawo da awannin kyaftin a littafinsu sun fi saurin samun kujera. Waɗanda suka tafi suna mataimaka suka dawo suna mataimaka, sun tarar ƙannensu sun sha gabansu. Akwai kuma batun yarjejeniyar horo, wadda take ɗaure matuƙi na wasu shekaru ko ya biya kuɗin da aka kashe masa. Ɗan yayata yana da sauran wata goma sha huɗu a kan tasa, kuma horon kyaftin zai zo da wata sabuwa.

Abu na ƙarshe da na ambata masa shi ne ƙwarewar hannu. A nan yana iya yin zango huɗu a yini, Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, a dawo, yana sauka cikin hazon hunturu da hadarin damina. A jirgin dogon zango, inda ake tafiya da matuƙa uku ko huɗu, mutum yana iya yin wata guda da sauka biyu kacal, har wani lokaci sai an kai shi na'ura domin ya cika ƙa'idar tashi uku da sauka uku cikin kwana 90. Abin da yake koya yanzu a kowace safiya ba zai same shi da wannan yawa a can ba.

Shawarata ita ce ya karɓi kujerar hagu, ya tara awanni a kanta na shekara biyu ko uku, sannan ya nemi tafiya, domin waɗannan awanni babu kamfanin da zai rushe ya tafi da su, kuma wasu kamfanonin sukan ɗauki kyaftin kai tsaye idan buƙata ta taso. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kawu, shekarata talatin da ɗaya. Duk watan da na ƙara a nan, mutum nawa ne za su shiga gabana a wancan jerin? Kuma wa ya ba mu tabbacin za su sake kira?" Ban iya musa masa ba, domin ɗaukar matuƙa kamar ruwan sama take, ana yi ana ɗaukewa.

Mun tsaya a kan cewa zai je gwajin tukuna, tunda zuwa ba sa hannu ba ne, kuma zai kawo mini yarjejeniyar horonsa mu karanta ta tare da lauya kafin ya amsa wa kowa. Ya tattara takardunsa wajen ƙarfe goma, domin motar kamfani za ta ɗauke shi ƙarfe huɗu da rabi na asuba, jirginsa ne na farko zuwa Kano.