Reza, Lesa da Allura: Yadda Muke Aikin Gashin Fuska

Shagona ƙarami ne, ɗaki biyu da wurin jira, kuma aikinmu guda ɗaya ne: gashin fuska. Muna aski, muna jinyar fatar da aski ya lalata, muna kuma cire gashi na dindindin da allurar lantarki. Masu zuwa wajenmu iri-iri ne. Akwai mazan da ƙurajen aski suka cika musu wuya, akwai matan da matsalar homon ta sa gashi ya tsiro musu a haɓa, akwai kuma waɗanda ke kan hanyar sauya jinsi. Waɗannan na ƙarshe su suka fi kowa daɗewa tare da mu, domin aikinsu ya fi na kowa tsawo, kuma su na fi gani da fatar da ta sha wuya.

Tambayar farko da masu sauyawa daga namiji zuwa mace ke yi kusan kullum ɗaya ce: "Yaya, yaushe maganin zai ɗauke gemun?" Amsar ba ta da daɗi, amma gara a ji ta tun ranar farko. Istirojin, wato homon na mata, da magungunan da ke danne homon na maza, irin su spironolactone, suna rage kaurin gashin ƙirji da na hannu da na ƙafa, suna kuma iya rage saurin tsirowar gemu kaɗan. Amma saiwar gashin fuska da ta riga ta ƙosa tun lokacin balaga ba ta komawa baya. Abin da maganin ke canzawa da gaske shi ne fatar: takan yi laushi, maiƙonta ya ragu. Sai a wayi gari gashi na nan da taurinsa, fatar da ke ƙarƙashinsa kuma ba ta iya jure abin da take jurewa a da. Rezar da mutum ya yi shekaru yana amfani da ita lafiya, sai ta fara kankare masa fuska.

A nan yawancin ɓarnar ke faruwa. Wadda gashin nan ke hana ta sakat, ba ta son ganin ko alamarsa a madubi, sai ta sayi reza mai baki biyar, ta danna da ƙarfi, ta bi sama ta bi ƙasa, da safe ta yi, da yamma ta sake. Na fahimci abin da ke sa ta yin haka, ban kuma taɓa ganin laifinta ba. Sai dai gemu yana tsirowa kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita a kowace rana, babu hannun da zai tsayar da shi. Kuma duhun nan da take gani bayan ta gama aski ba gashin da reza ta bari ba ne, guntun gashin ne da ke cikin fata ake hangowa ta sama. Ko sau goma za ta maimaita, reza ba za ta kai wajen ba, fatar kawai za ta ci.

Idan na kwantar da irin wannan fuskar a ƙarƙashin fitila mai gilashin ƙara girma, abin da nake gani a gefen wuya shi ne ƙananan tudu, wasu ja wasu baƙi, kowanne da ɗan duhu a tsakiyarsa. In na sa bakin allura mai tsabta na ɗaga saman ɗaya a hankali, sai gashi ya miƙe, wani lokaci tsawonsa ya kai rabin farce, ya daɗe yana nannaɗewa a ciki. Gashi mai murɗewa ya fi yin haka, shi ya sa masu baƙar fata suka fi fama da ƙurajen aski. Reza mai baki da yawa an ƙera ta ne yadda bakin farko zai ja gashin sama, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ƙasa da saman fata da tsininsa. A miƙaƙƙen gashi, wannan santsi ne. A murɗaɗɗe kuwa, tsinin kan lanƙwasa ya soki bangon raminsa, jiki ya ɗauke shi baƙon abu, ƙurji ya taso, ya bar baƙin tabon da kan yi watanni bai gushe ba. Gashin da na ɗago ba na tsige shi. Ina barinsa a waje har wurin ya warke, don in an tsige, sabon da zai fito a rufe zai tarar da hanya.

Askin da nake koya musu ba shi da wani sirri, lokaci kawai yake ci. A fara barin gashin ya yi kwana biyu a shafa shi da yatsa, a gane inda yake kwanciya, domin a kumatu yakan yi ƙasa, a wuya kuma yakan karkata gefe ko ma ya juya sama, kuma na kowa daban ne. A jiƙa fuska da ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku, don gashin da ya sha ruwa ya fi sauƙin yankuwa nesa ba kusa ba. A sa kumfa ko man aski mai santsi, a ɗauki reza mai baki ɗaya, sabuwa, a bi kwanciyar gashin da gajeren ja, ba tare da dannawa ba. In ana son ƙarin santsi, a sake sa kumfa a bi ta gefe. Saɓa wa kwanciyar gashi kuwa, ga mai murɗaɗɗen gashi ina hana shi a wuya gaba ɗaya, a kumatu ma sai ranar da ke da muhimmanci. Kada a ja fata a miƙar da ita sosai. A gama da ruwan sanyi da man shafawa marar ƙamshi, a bar duk wani ruwan bayan aski mai barasa, wanda ke busar da fatar da dama ta rasa maiƙo. Wasu ma kilifa ce ta fi musu, ko injin aski na lantarki, ko da santsin bai kai na reza ba.

Akwai tsoron da nake ji a bakin mutane da yawa, wai aski na ƙara wa gashi kauri. Ba haka ba ne. Tun 1928 wata masaniyar ilimin jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta auna wannan ta ga aski bai canza kauri ko launi ko saurin tsiro ba. Gashin da bai taɓa ganin reza ba bakinsa siriri ne, wanda aka yanke kuwa bakinsa a datse yake, shi ya sa yake kaushi a hannu.

Duhun da ya rage, kwalliya ce maganinsa kafin a kai ga cirewa. Ana shafa ɗan abu mai launin ruwan goro, ko ja mai duhu ga wadda fatarta ta fi baƙi, a leɓen sama da haɓa da muƙamuƙi, a ɗan danna shi da yatsa ba gogawa ba, sannan a ɗora hoda mai launin fata. Launin ne ke kashe shuɗi-shuɗin inuwar, ba kaurin hoda ba. Man da ke narkar da gashi kuwa ina taka-tsantsan da shi, don na sha ganin ƙunar da ya bari a fuskokin da suka ƙara masa minti biyu a kan abin da aka rubuta. Akwai kuma man eflornithine, wanda Amurka ta amince da shi a 2000 don rage saurin tsirowar gashin fuskar mata. Tun kafin nan ana amfani da shi wajen maganin cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ba ya cire gashi, jinkirta shi yake yi, kuma in an daina shafawa gashin kan koma yadda yake cikin kamar wata biyu. Likita ke rubuta shi, ba ni ba.

Ba ni da na'urar lesa a shagona, amma ina tura mutane wajen masu ita, kuma sau da yawa ita nake ba da shawarar a fara da ita, duk da cewa hakan na rage mini aiki. Tushen aikinta bayanin da masu bincike Anderson da Parrish suka wallafa a 1983 ne: haske yana bin baƙin da ke cikin gashi, ya zama zafi, ya lalata saiwar. Tana share babban wuri cikin mintuna. Matsalar ita ce baƙin nan yana cikin fata ma. Na'urar alexandrite tana iya ƙona baƙar fata, ita kuwa Nd:YAG tana ratsawa ciki sosai, ta fi aminci ga masu duhun fata. Ina gaya wa kowa ya tambayi sunan na'urar kafin ya kwanta, ya kuma nemi a gwada a ɗan wuri a jira a gani. Wurin da ya ƙi amsa wannan tambayar, a bar shi. Lesa ba ta ganin furfura, ba ta ganin farin gashi ko ja. Kuma makonni kafin a yi ta, ba a tsiga da hantsaki ko danƙo, aski kawai, domin in an tumɓuke saiwar hasken ba shi da abin bi.

Abin da lesa ta bari, shi ne nawa. Aikin allurar lantarki ya girmi lesa da fiye da shekara ɗari. Wani likitan ido a birnin St. Louis, Charles Michel, shi ya ba da rahotonsa a 1875, yana cire gashin ido da ke juyawa ciki yana sokar ƙwayar. Hanyarsa ita ce a tura ɗan lantarki ta allura, ya haɗu da ruwa da gishirin da ke ramin gashi, ya zama soda mai ƙuna, ta kashe saiwar. Daga baya Henri Bordier a Faransa ya kawo ta zafi, mai sauri, sannan Arthur Hinkel da Henri St. Pierre suka haɗa biyun wuri guda, kuma haɗin nan na fi amfani da shi a murɗaɗɗen gashi, don sodar na malala ta kai inda allura ba ta kai ba. Har yau wannan aikin ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a kira cire gashi na dindindin, lesa kuwa ragewa ta dindindin aka ce.

Allurar siririya ce kamar gashin kansa, kuma ba huda fata take yi ba. Ina zura ta ne ta ramin da gashin ya fito, ina bin karkatarsa, har in ji ta tsaya a ƙasa. Sai in taka, in ƙirga a zuciya, in kama gashin da hantsaki. In aikin ya yi, zai zame ya fito ba tare da tirjiya ba, da ɗan farin kube a gindinsa. In na ji yana ja, to ban kashe shi ba, tsiga kawai zan yi, kuma zai dawo. Ina roƙon masu zuwa su riƙa gaya mini in sun ji tsiga, don kuɗin awa suke biya, bai kamata su biya kuɗin abin da za su iya yi a gida ba. Haka za a bi gashi ɗaya bayan ɗaya, a fuskar da ke da dubbai. Leɓen sama, daidai ƙarƙashin hanci, shi ya fi zafi, har hawaye kan zubo ba da niyya ba. Man lidocaine mai kashe zafi da aka shafa tun kafin a zo yana taimakawa sosai, haka ma shan ruwa isasshe, musamman ga mai shan spironolactone da ke sa yawan fitsari, don busasshiyar fata ba ta karɓar aikin da kyau.

Amma ba zafin ne ya fi yi musu wuya ba. Kafin in iya kama gashi, sai ya fito kamar milimita ɗaya, wato sai an bar aski kwana biyu ko uku. Ga wadda ta yi shekaru tana ɓoye shi, waɗannan kwanakin sun fi allurar ciwo. Wata takan shigo da takunkumi a fuska, ba ta cire shi sai an rufe ƙofa, idonta a ƙasa. Saboda haka na tsara aikin shagon a kan wannan. Ina ba su farkon mako da sassafe, don gashin ya fito a kwanakin hutu suna gida. Ina raba fuskar gida-gida, a bar ɗan wurin da za mu yi kawai, sauran a ci gaba da askewa. Ba na haɗa mutum biyu a wurin jira, kuma ma'aikatana sun san sunan da mutum ya ba mu shi ake kiransa da shi, abin da aka gani a ɗakin nan kuma a nan yake tsayawa. Wanda ba zai iya riƙe wannan ba, ba zai yi aiki da ni ba, komai ƙwarewar hannunsa.

Ba na yi wa kowa alkawarin rana. Gashi ba a tare yake tsirowa ba, wani na girma, wani na hutawa a ƙarƙashin fata, don haka wurin da muka share yau zai sake nuna wasu bayan makonni, ba don aikin ya lalace ba. Cikakken gemu yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma ya wuce. Fatar da ta zo mini lafiya tana warkewa cikin kwanaki, mu ci gaba. Wadda reza ta yi wa kaca-kaca kuwa, dole in dakata har ƙurajen su kwanta, don ba na sa allura a wurin da ya kumbura. Shi ya sa nake matsa wa mutane a kan askin gida fiye da komai, da kuma man kariyar rana, wanda ke hana jan wurin ya rikiɗe ya zama baƙin tabo.

Masu tafiya ta ɗaya ɓangaren, daga mace zuwa namiji, waɗanda ke amfani da testostiron, wato homon na maza, su ma suna zuwa, da kishiyar damuwa. Nasu gemun yakan ɗauki watanni kafin ya fara, shekaru kafin ya cika, kuma yawansa gado ne. Yakan fito tsilli-tsilli, ƙuraje na biye da shi saboda maiƙon fata ya ƙaru. Yawancinsu ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake riƙe reza a fuska, sai in zaunar da mutum gaban madubi, in gyara masa layin wuya da na saje da kilifa, in ba shi rezar ya yi ɗaya gefen da hannunsa ina kallo.

Akwai waɗanda nake mayarwa wajen likitan fata kafin in taɓa su: mai jikin da ke yin tabo mai tudu, mai shan isotretinoin don ƙuraje, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da wanda ke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa, don lantarkin na iya taɓa ta. Tawadar Allah mai gashi ma ba na sa mata allura sai likita ya duba ta ya rubuto mini cewa ba komai.