Ƙarar da ba ta fitowa sai an taka totur

Garejina yana Agege, can bayan titin jirgin ƙasa. Rumfar kwano ce da rami ɗaya da yara huɗu masu koyon aiki. Yawancin masu kawo mini mota mutanenmu ne na Arewa: 'yan gwari daga Mile 12, 'yan canji, sai fatake masu harkar shanu a mayankar Oko-Oba. A cikin duk korafin da suke zuwa da shi, babu wanda yake cinye kuɗin mutum a banza kamar ƙarar inji.

Wata Talata da hantsi wani Alhaji mai shanu ya shigo da Camry ɗinsa ta 2005, wadda 'yan Legas suke kira Big Daddy. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Malam, nawa za ka sauke mini inji?" Na ce, "Alhaji, wa ya ce a sauke?" Ashe wani bakanike ne ya kasa kunne na minti ɗaya, ya ce masa metal ya ci, wato siraran ƙarafan nan na ƙasan inji da sandar inji take juyawa a kansu, har an tura yaro kasuwar Ladipo ya tambayo kuɗin inji ɗan Beljiyam. A garin nan da an ce wa mai mota injinsa zai yi "nok", wato zai lalace ya tsaya cak, to hankalinsa ya tashi ke nan, duk abin da aka ce ya biya zai biya.

Na sa ya tayar da motar a tsaye. Shiru, sai numfashin inji. Na duba baƙin mai, yana kan layinsa, ba ƙyalƙyalin ƙarfe a jikin sandar. Na taka totur tana firi har allura ta wuce dubu uku, na saki, na sake takawa. Babu komai. Nan take zuciyata ta fara barin zancen metal, domin metal in ya ci ba ya ɓoyewa. Ƙararsa mai nauyi ce, daga ƙasan inji take zuwa kamar ana buga turmi a ɗaki na gaba, tana bin gudun inji, kuma sau da yawa fitilar baƙin mai tana ƙifta ido idan inji ya yi zafi.

Kafin mu fita titi na sa aka hau da ita kan rami, na shiga da ƙotar guduma ina ƙwanƙwasa salansa daga gaba har baya. Wannan ɗabi'a da kunya na saye ta. Shekarata ta biyu da buɗe gareji, na taɓa kwance rabin injin wata Corolla saboda wata ƙara mai kama da ta cida, kwana uku muna fama, ƙarshe sai ga wani siririn kwanon da yake kare zafin salansa, ƙusa ɗaya ce ta ruɓe yake kaɗawa. Aikin minti goma. Kuɗin gasket daga aljihuna ya fita, kuma har yau mai motar in ya gan ni a masallacin Juma'a sai ya yi murmushi. Tun daga ranar nake fara duba abin da ba ya cin kuɗi. Akwai kuma tukunyar nan ta cikin salansa mai tace hayaƙi, wadda bakanikan Legas suka laƙaba wa indomi saboda cikinta saƙa-saƙa ne kamar taliyar yara. In ta farfashe, gutsattsarinta kan yi ta kacau-kacau duk lokacin da aka ba mota wuta. Ta Alhaji lafiya ƙalau, kwanon ma a ɗaure tam.

Sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, mu zaga." Na ɗebi yarana biyu a baya don nauyi, na kunna AC, muka nufi gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021. Tun da aka yi ta na huta da neman hawa, ita ce wurin gwajina. Muna fara hawa, giya tana sama, na danna totur a hankali ba tare da na bari ta sauya giya ba. Sai ga ta: wata siririyar ƙara, cakar-cakar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Na ɗaga ƙafa, ta ɗauke. Na mayar, ta dawo. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ita ce wallahi!"

Wannan ƙarar ba wani ƙarfe ne ya kwance ba, wuta ce take ci ba bisa ƙa'ida ba. Yadda aka tsara inji, fulogi ne zai kunna cakuɗen fetur da iska, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. To idan ɗakin wutar ya yi zafi da yawa, ko fetur ɗin ba shi da ƙarfin jure matsi, sai ragowar cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa lokaci guda. Bugun fashewar nan a kan fistin da bangon silinda shi kunne yake ji. Shi ya sa ba ta fitowa a tsaye, sai inji ya ɗauki kaya. Motocin yanzu suna da sansa mai jin wannan bugun ta gaya wa kwamfutar mota ta ja lokacin wuta baya, amma gyaranta yana da iyaka. In an ƙyale abin ya daɗe, yana iya karya ringi, har ya huda kan fistin, a nan kuwa sauke injin ya zama dole.

Saura sanin dalili, kuma a Legas zargin farko fetur ne. Wanda ya yi wannan sana'a a Fabrairun 2022, lokacin da gurɓataccen mai mai yawan methanol ya shigo ƙasa, ba sai an ba shi labari ba. Na tambayi Alhaji inda yake shan mai. Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce wani lokaci in yana sauri wurin 'yan bumburutu yake saye, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba ya cika tanki, na kaɗan-kaɗan yake zubawa, fitilar mai kusan kullum a kunne. Ban ga laifinsa ba, kowa haka yake yi. Sai dai famfon mai a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne yake sanyaya shi, in kullum tanki a bushe yake, famfo yana wahala.

Muka koma gareji na kwance fulogi huɗu. Bakinsu fari fat kamar an shafa alli, alamar iska ta rinjayi fetur. Na'urar gwaji ma ta nuna kwamfuta tana ta ƙoƙarin ƙara mai. Da muka ɗaura ma'aunin ƙarfin famfo, maimakon ya tsaya tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi yadda ya kamata a wannan injin, sai ya tsaya ƙasa da haka, in an taka totur kuma allurar ta ƙara zubewa. Babban yarona ya ɗaga kujerar baya ya zaro famfon. Rariyar bakinsa ta toshe da wani baƙin datti mai danƙo, ya goga da yatsa ya nuna wa Alhaji, ya ce, "Baba, ga metal ɗin naka."

Muka tsiyaye tankin, muka sa sabon famfo da rariya, muka wanke nozul, na kuma duba lagireto da fanka don in tabbata zafi ba shi da hannu a ciki. Fulogin ma na canza da irin lambar da kamfani ya rubuta, domin waɗanda na tarar a ciki ba nata ba ne. Bayan La'asar muka tsaya gidan mai aka zuba rabin tanki, muka sake hawa gadar, mu huɗun dai, AC a kunne. Alhaji ya kashe rediyo, ya karkata kunne wajen dashbod, bai ce uffan ba har muka sauka ɗaya gefen. Can ya ce in juya mu sake hawa. Sau uku muka hau, sannan ya zaro waya ya kira yaron da ya tura Ladipo, ya ce masa ya dawo.